Haƙan Kabarin Yaya Garba

Hannatu da Dauda, na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da ranar da aka binne Yaya Garba. Kuna cewa na zubar da mutuncin mahaifiyarku, na je na yi wa waɗanda suka juya mata baya aikin bawa. Ban taɓa ba ku amsa ba, domin ni magana ba ta jeru mini a baki sai a takarda, shekarun da na yi ina karanta labarai a gidan rediyo ne suka bar ni haka. To ga ta a rubuce. Ba zan gyara wa kowa hali a cikinta ba, har da ni kaina.

Dauda, kai a birni ka girma, don haka sai na fara da al'adar. A ƙauyenmu, tsakanin Hajj Abdalla da Wad Haddad, ba a ɗaukar mai haƙa kabari haya. Idan mutum ya cika, sai a yanko karan dawa a gwada tsawonsa, a kai wa babban namiji na dangi. Shi zai riƙe karan ya ratsa tsakiyar gari zuwa maƙabarta. Ba ya kiran kowa, ba ya tsayawa a ƙofar kowa. Duk namijin da ya ga karan ya wuce zai ajiye abin da yake yi, ya ɗauki diga ko shebur ya bi baya. Kakanninmu daga yamma suka zo da wannan, ƙasar nan kuma ta mai da shi dole. Baƙar laka ce. Da rani tana bushewa diga ta riƙa tsalle a kanta, da damina ta kama shebur ta ƙi saki. Mutum ɗaya ba ya haƙa ta ya kai zurfin da ya kamata. Ko wanda ba Musulmi ba ana yi masa. Ina yaro wani ɗan kudu mai cirar auduga ya mutu a hawashar babanmu, wato gonarmu ta ban ruwa. Babanmu ya ɗauki kara, aka haƙa masa a bayan shingen maƙabarta, gindin wata bagaruwa. Ba a yi masa salla ba, amma hannaye da yawa ne suka rufe shi.

Na karɓi Almasihu a birni ina da shekara talatin da 'yan kai, can kuma na auri mahaifiyarku Saratu, wadda ita a gidan masu bi aka haife ta. Da na bar aiki muka dawo gida, muka zama gida ɗaya tilo na Kirista a garin. Yaya Garba, wanda nake bi wa, shi ne babba a danginmu. Bai kore ni ba, bai kuma hana a gaishe ni ba. Ya yi wata biyu ba ya kallon fuskata, daga baya ya ce addinina nawa ne, ruwan tur'a kuma, magudanar da ke shayar da gonakinmu, na kowa ne, in zo in karɓi layina na ban ruwa kamar kowa. Ni ne na kawo abin da ya raba mu. Na ɗauka bin Almasihu shi ne a riƙa ganin bambancina da mutane kullum. Babu fasto ko dattijon da ya koya mini haka, ni na yanke wa kaina cewa ba zan ƙara bin kara ba, tunda ƙarshensa salla ce. Shekara goma sha biyu kara yana wucewa ta ƙofata ina zaune.

A cikin shekarun nan Inna ta rasu, kakarku. Yaya Garba ya ɗauko karanta, da ya zo ƙofar gidana sai ya yi abin da ba a yi. Ya tsaya. Ina cikin ɗaki da Littafi a buɗe kan cinyata, ina hango ƙafafunsa ta ƙarƙashin ƙyaure. Mahaifiyarku ta shigo.

"Baban Hannatu, tashi. Uwarka ce."

"Ba zan tsaya a sahunsu ba."

"Wa ya ce ka tsaya a sahu? Rami ake nema. Ka haƙa ka koma gefe."

Ban tashi ba. Ƙafafun suka jima a wurin, sannan suka tafi. A ranar na ɗauka na ci wata jarrabawa.

Saratu tana da wata ɗabi'a da nake yi wa dariya. Kullum da hantsi ya fara, kafin ta aza kaskon kisra, gurasar dawar nan mai faɗi, takan zauna a bakin angarib, gadon igiyar nan da ke kusa da randa, ta riƙa kiran gidajen garin ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah. Tana farawa daga gidan farko na gabas, ta bi layi har na ƙarshe a bakin tur'a. Ba ta doguwar magana. Gidan wane, ga tarin yaronsu. Gidan wane, jakinsu ya ɓata. Wata rana na ce mata, ƙidayar jama'a take yi wa Allah? Ta ce, "To kai ka bari in na gama, sai ka yi masa sharhi bayan labarai." Ta faɗi gaskiya. Addu'ata ta ranar Lahadi ce, doguwa, mai tsari, kuma rabinta bayanin kuskuren wasu ne. Littafin ma ina karanta shi ne don in sami abin da zan mayar wa mai gardama.

Sai shekarar yaƙi ta zo. Kun san ta, ba sai na tsaya a kai ba. Hanya ta rufe, waya ta ɗauke, ba a sako ruwa a tur'a ba. Dauda yana Damazin, babu yadda labari zai kai masa. Mahaifiyarku tana da ciwon suga, allurarta ta ƙare, na aika Sinnar sau biyu aka dawo hannu wofi. Ta cika da bazara, wata safiya, Hannatu na riƙe da kanta. Na fita bayan gida na zaro kara daga danga, na gwada ta, na yanke. Sai da na riƙe shi a hannuna na tuna cewa ba ni ne mai ɗaukarsa ba.

Na sami Yaya Garba a inuwar zaurensa, jabana, butar kofi, a gabansa, yana zuba kofi.

"Yaya, Saratu ta cika."

Ya ajiye kofin. "Allah shi ba ka haƙuri, Haruna. Mace ta gari ce. Ba ta taɓa wuce ni ba gaisuwa."

Na miƙa masa karan. Ya dube shi, bai ɗaga hannu ba.

"Wanga fa?"

"Kara ne, Yaya."

"Ashe ka san shi. Randa na tsaya ƙofarka da na Inna, na ɗauka ba ka gane ko mi ne ne ba."

Na ce masa ni na yi laifi, ba ita ba. Ya ce ya sani.

"Ban hana kowa ba. Ɗauki abinka ka ratsa gari, wanda ya bi ka ya bi ka. Amma ni hannuna ba ya taɓa shi. Halas, magana ta ƙare."

Na ratsa garin da karan. Maza suna zaune a ƙofofinsu, sun gan shi, sun kuma ga ba a hannun babban dangi yake ba, kowa ya fahimci abin da hakan ke nufi. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun shige ciki. Mutum ɗaya ya biyo ni, Baba Jiɓo, tsohon mai gadin ruwan tur'a, gurgu, a kan jakinsa da jarka biyu. Hannatu, akwai abin da kike tsallakewa idan kina ba da labarin nan. Mata sun zo. Su suka taya ki wanka da suturta ta, kuma matar Yaya Garba ce ta fara shigowa. Maza ne ba su zo ba.

Na fara haƙa a bayan shinge, kusa da bagaruwar ɗan kudu. Baba Jiɓo yana zuba ruwa kaɗan-kaɗan don ƙasar ta yi laushi, ni ina sara da diga. Ya dube ni ya ce, "Mai rediyo, wannan ba makirfo ba ce. Saki ƙugunka, kana riƙe ta kamar za ka yi mata tambayoyi." Ya yi hakan ne don kada in faɗi, na kuma gode masa. Hannuwana suka fashe kafin azahar. Ruwan ya ƙare. Da la'asar Hannatu ta zo ta karɓi shebur, abin da mace ba ta taɓa yi a garin ba. Ramin bai wuce ƙuguna ba, ga zafi, gawa ba za ta kwana ba. Muka kawo ta a amalanken jaki, muka kwantar da ita, na buɗe baki zan yi addu'a babu abin da ya fito. Hannatu ce ta yi. Muka rufe, muka tara ƙaya mai yawa a kai saboda karnuka. Kwana bakwai ina zuwa kullum ina duba ƙayar.

Bayan nan na daina addu'a. Ba wai na daina gaskatawa ba ne, ba ni dai da abin faɗa. Amma kullum da hantsi sai in tsinci kaina a bakin angarib ɗin nan kusa da randa, domin a gidan babu inda ya fi kama da ita. Ina zaune kawai. Wata safiya, don in kori shirun, na kira gidan farko na gabas. Na ce, gidan wane, ban san abin da ke damunsu ba. Na je na biyu, shi ma haka. Na kai ƙarshen layi ban san damuwar gida ko ɗaya ba, ni da aka haifa a garin. Daga ranar na fara fita da yamma ina zama wurin Baba Jiɓo ina jin wa ke ciwo, wa ya gudu, wa ɗansa bai dawo ba, da safe in kawo wa Allah. Yadda na iya nake yi, kamar mai karanta labarai, gida da abin da ya same shi, ba ƙari. Na ga wannan ta fi dogayen addu'o'ina na da gaskiya, domin babu inda zan ɓoye a cikinta.

Gida ɗaya nake tsallakewa. In na zo na Yaya Garba sai in yi shiru, in wuce na gaba. Na yi haka har damina ta faɗi. Babu murya da na ji, babu mafarki. Abin da ya faru shi ne, mutum ba ya zama gaban wani kullum yana ɓoye masa abu ɗaya ba tare da abin ya fi duk sauran girma ba. Har ta kai tun ina gidan farko zuciyata tana kan gidan da zan tsallake. Ranar da na fara kiran sunansa, ƙara na kai. Na ce, ga Garba, ka ga abin da ya yi. Na maimaita wannan kusan wata guda, kuma ban ji an hana ni ba. Sai dai duk lokacin da na zayyana yadda na tsaya gabansa da kara ya ƙi ɗaga hannu, sai in ga ƙafafun nan ta ƙarƙashin ƙyaurena. Na yi ta neman bambanci tsakanin abin da ya yi da abin da na yi. Na sami guda ɗaya. Shi ya dubi fuskata ya faɗa mini dalilinsa. Ni ko fitowa ban yi ba, kuma na jingina abin ga Almasihu.

Wannan ya fi mutuwar mahaifiyarku yi mini nauyi ta wani fanni, kuma ina so ku gane shi. Shekara goma sha biyu ina tsammanin ina tsaye ne domin Ubangiji, ashe girman kaina nake gadi, kuma ita ce ta biya, da kabarin da bai kai zurfi ba. Na faɗa wa Allah haka da kalmomi marasa ado. Washegari na sake faɗa. Ban ji sauƙi nan take ba. Amma a hankali abin da nake faɗa a kan gidan Yaya ya sauya. Na fara cewa, ga Garba, ƙafarsa na kumbura. Ga Garba, dawarsa ta kusa ƙarewa.

Na je wurinsa sau ɗaya a tsakiyar damina. Na yi sallama, ya amsa. Na ce na zo ne a kan maganar Inna, na yi kuskure, ina neman ya yafe mini. Ya dubi ruwan da ke ɗiga daga indararo.

"Inna za ka tambaya," in ji shi.

Bai miƙo mini tabarma ba. Na tsaya kaɗan, na tafi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya, kada wani ya gaya muku mun shirya.

Da kaka ta gabato kwalara ta shigo garin, don mutane suna shan ruwan kududdufi. Maza da yawa sun riga sun gudu da iyalansu, waɗanda suka rage rabi suna kwance. Baba Jiɓo yana cikin na farko da ta ɗauka, kuma shi ne mutum na farko da na bi karansa bayan shekarun nan. Babu wanda ya ce mini komai, don ba shi da dangi a garin. Bayan kwana tara, ina zaune a bakin angarib, ban ma kai rabin layi ba, sai na ji kuka daga gidan Yaya. Jim kaɗan na hangi Usman, babban ɗansa, ya fito da kara. Ya ratsa gari. Mutum biyu suka bi shi, ɗaya ma daga ciwon ya tashi, yana tafe yana dafa bango. Bisa al'ada ni ya kamata a kawo wa karan, tunda ni ne babba yanzu. Ba a kawo ba. Usman ya wuce ƙofata bai waiwaya ba.

Na tashi na ɗauki diga. Hannatu ta tare ƙofa.

"Baba, ina za ka?"

"Kin ga kara."

"Na ga kara. Na kuma ga na Mama. Ni na riƙe shebur ranar, ko ka manta?"

"Ban manta ba."

"To su haƙa da hannunsu su ji yadda take. Ko kiran ka ba su yi ba. In ka fita, ka nuna abin da suka yi mata daidai ne."

Ban nemi wata aya na jefa mata ba, na gaji da wannan halin. Na ce mata wata huɗu ke nan ina kawo sunan mutumin nan gaban Allah kowace safiya, ban san yadda zan zauna gobe in kira gidansa ba idan na bar shi a rami marar zurfi. Ta matsa, amma ba ta dube ni ba.

A maƙabarta na same su sun fara. Ƙasar ta sha ruwa, kowane shebur sai an sa hannu an ɓamɓare lakar daga jikinsa. Usman ya ɗago ya gan ni.

"Baffa, mi ka zo yi?"

"Haƙa."

"Baba bai yafe maka ba. Har ya cika bai ambace ka ba."

"Na sani."

"Ba za ka taɓa shi ba. Ba za ka tsaya sahu ba."

"Ba zan taɓa ba, ba zan tsaya ba."

Ya dubi mutanen biyu, ya dubi ramin da bai kai gwiwa ba. Sannan ya fito daga ciki ya ba ni wuri. Muka yi ta karɓa-karɓa, babu mai magana sai in za a ce miƙo ko karɓi. Mai ciwon ya kasa, ya koma gefe ya kwanta. Da muka kai ƙirji Usman ya ce ya isa haka. Na ce a ƙara. Ya ce rana tana yi. Na ce a ƙara taki ɗaya, na san abin da karnukan wurin nan suke yi. Ya sa shebur. Ni na fafe ƙaramin ramin ciki inda ake kwantar da mamaci, na aza karan na ga ya zauna daidai, sannan suka jawo ni waje don ƙafafuna sun ƙi hawa.

Da aka kawo shi a kan angarib na fita bayan shinge. Daga inda na tsaya, kabarin mahaifiyarku yana damana, ƙayar ta riga ta ruɓe, ciyawa ta fito. Suka yi sallarsu su biyar. Ni ma na yi tawa a tsaye, gajeriya. Na ce, ga Garba, ya zo. Da suka gama rufewa suka watse ta ɗaya ƙofar. Babu wanda ya yi mini godiya, babu kuma dalilin da zai sa a yi. Ba a gode wa mai bin kara.

Bayana bai sake miƙewa daidai ba tun daga ranar, kun ga yadda nake tafiya. Wasu 'yan'uwa masu bi a Sinnar da labarin ya kai musu sun ce na fara ja da baya. Garin kuma bai sauya mini fuska ba, ana amsa gaisuwata, shi ke nan. Ban rubuta wannan don ku ce na yi daidai ba. Na rubuta ne don ku daina ɗora wa Yaya Garba dukan nauyin kabarin mahaifiyarku. Kaso mafi girma nawa ne.

Da na koma gida ranar, laka har wuya, na zauna a bakin ƙofa don ba zan iya shiga haka ba. Hannatu ta fito ta tsaya a kaina.

"Sun ce maka sannu?"

"A'a."

"To kai in ka mutu, wa zai haƙa maka?"

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba. Ta shiga ciki, ta ɗebo ruwa a buta, ta ajiye a ƙasa inda hannuna zai kai. Ba ta zuba mini ba. Na ɗauka na wanke da kaina.